Gajiyar da ta ƙi tafiya bayan zazzaɓi: me bincike ya gano a jikin masu ita?

Tambaya: Mai ɗakina ta yi zazzaɓi mai zafi, aka ce korona ce. Zazzaɓin ya sauka, amma an haura shekara ba ta dawo daidai ba. In ta yi wanki ko ta je biki sai ta kwana biyu ko uku a kwance. An yi ta gwajin jini, kowane likita ya ce lafiyarta ƙalau, har wasu 'yan'uwa sun fara cewa son jiki ne. Na ji ana maganar wani ciwo mai suna ME/CFS. Shin masu bincike sun ga wani abu a jikin masu shi? Kuma akwai magani?

Amsa: Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya saka maka kan ɗawainiya. Ba a yanke wa mutum ciwo daga nesa, sai likita ya duba ta. Amma kwanciyar nan ta kwana biyu bayan wanki ita ce alamar da masana ciwon ke fara nema, don haka tambayarka tana kan hanya.

Ciwon ME/CFS, wato gajiya mai tsanani da ke daɗewa kuma hutu ba ya kawar da ita, ba sabo ba ne. A 1955 ya kwantar da ma'aikata kusan 300 a asibitin Royal Free da ke Landan, kuma tun 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin cututtukan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ma'aunin da aka fi aiki da shi yanzu ya fito ne a 2015 daga wani kwamitin masana na Amurka. Sharuɗɗan su ne mutum ya kasa yin abin da ya saba yi tsawon wata 6 ko fiye, barci ba ya wartsakar da shi, jikinsa na taɓarɓarewa bayan ya yi wani ƙoƙari, sannan a samu ɗaya daga cikin biyu: ko tunani ya riƙa cushewa, ko tsayuwa ta riƙa gagararsa. A Ingila, tun 2021, wata 3 ya isa a tabbatar. Mata sun fi maza kamuwa wajen ninki uku, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na masu shi ba sa iya fita daga gida.

Taɓarɓarewar nan ita ce ginshiƙin ciwon. Mai gajiya ta yau da kullum yana jin ta a lokacin aiki, ya kwanta, ya tashi garau. Mai wannan ciwo kuwa zai iya gama aikin lafiya lau, har ya ce yau da sauƙi, sai bayan awa 12 zuwa 48 abin ya sauko masa: jiki ya yi nauyi, gaɓoɓi su ɗau ciwo, maƙogwaro ya yi zafi, haske da hayaniya su dame shi, ya riƙa neman kalma a baki yana rasawa. Yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Kuma ba aikin ƙarfi kaɗai ke jawo shi ba. Doguwar hira da baƙi, lissafi, ɓacin rai, ko zaman gidan biki duk suna iya yi. Jinkirin nan ne ke rikita dangi, don sun gan ta jiya tana dariya a cikin mutane.

Dalilin da gwaje-gwajenta ke fitowa lafiya shi ne ana yin su tana zaune tana hutawa, kuma an tsara su ne don gano wasu cututtuka daban. Kamar janareta ne da ke ruri lafiya ba a jona masa komai ba, sai an ɗora masa firji ya shaƙe. Shi ya sa binciken da ya fi nuna wani abu a fili shi ne wanda aka ɗora wa jiki nauyi sannan aka auna.

Na farko shi ne gwajin keke na kwana biyu, wanda wasu masana a Kalifoniya suka yi fice da shi. Ana ɗora mutum kan keken motsa jiki, a sa masa abin rufe hanci da baki mai auna iskar oksijin da yake shaƙa da iskar da yake fitarwa, a riƙa ƙara nauyin feda a hankali har ya kai iyakarsa, yawanci cikin minti 8 zuwa 12. Bayan awa 24 a maimaita. Mai lafiya yana maimaita sakamakon jiya da ɗan bambanci kaɗan, haka ma yawancin masu ciwon zuciya ko na huhu: ƙarfinsu kaɗan ne, amma bai canzawa daga jiya zuwa yau. Masu ME/CFS da yawa suna faɗuwa a rana ta biyu, musamman a gaɓar da tsoka ke daina wadatuwa da oksijin ta koma ƙona sukari ba tare da shi ba. Suna isa wannan gaɓa da wuri, da nauyin da bai kai na jiya ba. Ba abu ne da mutum zai yi da gangan ba, domin lissafin iskar da ke fita daga huhunsa yana nuna ko ya yi iya ƙoƙarinsa ko ya yi ha'inci. Illar gwajin ita ce yana jawo ainihin taɓarɓarewar da ake gudu, wasu kan yi makonni ba su farfaɗo ba. Kada a nema mata shi.

A Bostan, Dokta David Systrom ya ƙara zurfafawa. Yana zura siririn bututu ta jijiyar wuya har zuwa jijiyar da ke kai jini huhu, wani kuma a jijiyar hannu, sannan mutum ya tuƙa keken. Ya ga abu biyu. Jinin da ke komowa zuciya ba ya isa, saboda jijiyoyin ƙafa da na ciki ba sa matsewa su turo shi sama yadda ya kamata, sai zuciya lafiyayya ta riƙa bugawa ba ta cika ba. Sannan a wasu, jinin yana kai wa tsoka oksijin amma tsokar ba ta zuƙe shi, sai ya dawo da saura mai yawa. Da aka yanki ɗan fatar ƙafa aka duba, kusan kashi ɗaya bisa uku na waɗannan marasa lafiya ƙananan jijiyoyinsu na saƙo sun ragu, irin waɗanda ke ba hanyoyin jini umarnin matsewa.

A Holan, likitoci biyu, van Campen da Visser, sun auna jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa ta jijiyoyin wuya yayin da aka ɗaga gadon da mutum ke kwance a kai ya koma kusan tsaye na rabin awa. A rahotonsu na 2020 kan marasa lafiya 429, jinin ya ragu da kashi 26 cikin 100, alhali a masu lafiya kashi 7 ne. Abin lura, har waɗanda bugun zuciyarsu da awon jininsu ba su canza ba sun yi asarar kusan kashi 24. Ke nan mace na iya tsayawa a gaban murhu, awonta daidai, amma ƙwaƙwalwarta na samun kashi uku cikin huɗu na jinin da take samu a kwance. Jiri, ganin duhu-duhu da cushewar tunani a tsaye ba abin mamaki ba ne.

Wanda ya fi kusa da halin mai ɗakinka shi ne na Amsterdam da aka buga a farkon 2024. An ɗauki mutum 25 masu fama tun bayan korona da mutum 21 da suka yi korona suka warke sarai, aka ciri ɗan naman cinya kafin su tuƙa keke da kuma kwana ɗaya bayan sun tuƙa. A masu ciwon, maitokondiriya, wato sassan da ke samar da ƙarfi a cikin ƙwayar tsoka, aikinsu ya ƙara raguwa bayan motsa jikin, an kuma ga wuraren da zaren tsoka ya lalace da ƙwayoyin garkuwar jiki da suka kutsa ciki. Mutum 25 ba yawa ba ne, kuma akwai masu jayayya cewa rashin motsi na tsawon lokaci na iya kawo wani ɓangare na wannan. Duk da haka, shi ne hoto mafi kusa da aka samu na abin da ke faruwa a ranar da mara lafiya ke cewa jikina ya mutu.

Alaƙar ciwon da zazzaɓi kuwa ta daɗe da tabbata. A garin Dubbo na Ostiraliya an bi mutum 253 tun daga lokacin da suka kamu da ɗaya daga cikin cututtuka uku mabambanta. Bayan wata 6, kashi 11 cikin 100 sun cika sharuɗɗan ciwon, kuma adadin kusan ɗaya ne ko wace ƙwayar cuta ce. Abin da ya nuna wanda zai kamu shi ne tsananin zazzaɓin farko, ba halin damuwar da yake ciki kafin nan ba. An buga wannan a 2006. An ga irin haka bayan annobar SARS ta 2003 a Hong Kong, da bayan gurɓatar ruwan sha a garin Bergen na Norwe a 2004, kuma waɗanda suka tsira daga Ebola a Laberiya da Saliyo sun daɗe suna kukan gajiya da ciwon gaɓoɓi. A babban binciken RECOVER na Amurka, kashi 4.5 cikin 100 na waɗanda suka yi korona sun cika sharuɗɗan ME/CFS, a waɗanda ba su yi ba kuwa kashi 0.6 ne. A kula, ba duk mai fama bayan korona ne ke da ME/CFS ba. Wani tabo ne a huhunsa, wani zuciyarsa ce ta taɓu, kuma maganinsu daban. Masu cewa ciwon Turawa ne ma ba su da hujja: wani bincike da aka buga a 2007 ya same shi a Najeriya, a wajen kashi 0.68 cikin 100 na manyan da aka tantance.

Kan abin da ke hana jiki komawa daidai, hasashe uku ne ke kan gaba: ragowar ƙwayar cutar na maƙale a wasu sassa kamar hanji, tsofaffin ƙwayoyin cuta da ke kwance a jikin kusan kowa, irin su EBV, suna farkawa, ko garkuwar jiki ta juya tana kai wa jiki hari. Ƙungiyar Carmen Scheibenbogen a asibitin Charité na Balin ta samu sinadaran garkuwa da ke kama wuraren da ke sarrafa faɗi da matsewar hanyoyin jini a wani kaso na marasa lafiya, abin da ya yi daidai da sakamakon Bostan da na Holan. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya tabbata a matsayin sanadi, kuma mai yiwuwa ba abu ɗaya ke damun kowa ba. Wani babban aiki kuma shi ne DecodeME na Jami'ar Edinbara, ƙarƙashin Farfesa Chris Ponting, wanda ya duba ƙwayoyin gado na marasa lafiya sama da 15,000. Sakamakon farko da suka fitar a watan Agusta 2025 ya nuna wurare 8 da suka bambanta da na sauran jama'a, kuma suna da alaƙa da garkuwar jiki da jijiyoyi. Ƙimar wannan ita ce ƙwayoyin gado suna nan tun haihuwa, ba wanda zai ce kwanciya ce ko damuwa ta canza su. Amma tasirin kowane ɗaya ƙarami ne, ba za a iya gwada mutum da su a ce yana da ciwon ba. Har yau babu gwajin jini da aka amince da shi na gano ME/CFS, duk wanda ya ce zai sayar muku da shi ku riƙe kuɗinku.

Batun magani sai an yi haƙuri, don wannan fage ya sha ganin murna ta koma ciki. A 2009 mujallar Science ta buga cewa an gano wata ƙwayar cuta mai suna XMRV a jinin yawancin marasa lafiya, har wasu suka fara shan magungunan ƙanjamau. Daga baya ta bayyana cewa ƙwayar daga ɓerayen ɗakin gwaji ta samo asali ta gurɓata samfura, aka janye rahoton a ƙarshen 2011.

Labarin rituximab ya fi koyar da darasi, domin masu shi sun yi aikinsu da gaskiya. Likitocin kansa biyu a Bergen, Fluge da Mella, sun lura wata mai ME/CFS ta samu sauƙi bayan an yi mata maganin kansa. Suka gwada rituximab, magani mai kashe wani rukuni na ƙwayoyin garkuwa a kan mutum 30 a 2011, kashi biyu bisa uku na waɗanda suka samu maganin suka ce sun ji sauƙi. Sai suka yi babban gwaji da mutum 151, rabi maganin gaske, rabi ruwan gishiri, ba likita ba mara lafiya ba wanda ya san abin da aka ɗura wa wa. Sakamakon 2019: kashi 26 cikin 100 na masu maganin sun samu sauƙi, na masu ruwan gishiri kuwa kashi 35. Ciwon yana hawa yana sauka da kansa, mutum kuma yakan nemi magani ne lokacin da ya fi jin jiki, don haka duk abin da ya sha a lokacin shi zai yaba wa. Da wannan ma'auni za ka auna duk wani mai magani, na asibiti ko na gargajiya, da zai ce maka wance ta sha ta warke. Haka maganin korona na Paxlovid: an gwada shi a kan mutum 155 masu fama bayan korona a Jami'ar Stanford, na kwana 15, bai fi na bogi ba.

Akwai kuma shawarar da ta yi shekaru tana yawo, wai a riƙa ƙara motsa jiki mataki-mataki ko da jiki ya ƙi. Ta samu ƙarfi daga gwajin PACE na Ingila, mai mutum 641, a 2011. Da kotu ta sa aka saki bayanan gwajin a 2016, aka sake lissafi da ma'aunin da masu binciken suka fara alkawarin amfani da shi, adadin waɗanda aka ce sun warke ya faɗo daga kashi 22 zuwa ƙasa da kashi 10, bai bambanta sosai da na waɗanda aka yi wa kulawar likita kawai. A Oktoba 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta cire wannan shawara. In wani ya ce mai ɗakinka ta daure ta riƙa zagaya fili kullum da safe, tsohon ilimi yake bi.

Yanzu abin da za ku yi. Farko a tabbatar ba wani ciwo mai magani ne ya ɓuya ba, kuma a ƙasarmu jerin yana da tsawo: ƙarancin jini da na sinadarin ƙarfe, ciwon suga, matsalar ƙwayar maƙoshi (thyroid), tarin fuka, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, ciwon ƙoda, da maleriya wadda aka gani a gwaji, ba wadda aka yi zato ba. In ta haihu a 'yan watannin kafin abin ya fara, a yi hoton zuciya, domin raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a arewacin Najeriya. A duba ciwon damuwa ma, da sanin cewa mai damuwa sha'awar yin abu ce ke mutuwa kuma motsi kan ɗan taimaka masa, ita kuwa wannan tana son yi, in ta yi ne take biya. Ku yi hattara da gwajin Widal. Yana nuna taifot a mutane da yawa da ba su da ita, kuma ta nan ne mai irin wannan ciwo ke shan maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye bayan zagaye ba gaira ba dalili.

Na biyu, gwajin tsayuwa, wanda na'urar awon jini ta gida ta isa a yi shi, ko da yake a gaban ma'aikacin lafiya ya fi. Ta kwanta shiru minti 10, a auna bugun zuciya da awon jini. Ta tashi ta jingina kafaɗunta da bango, dugaduganta kamar santimita 15 daga bangon, ba motsa ƙafa, ba hira. A riƙa aunawa kowane minti ɗaya ko biyu har minti 10, ana rubuta abin da take ji, ana duba ko ƙafafun sun yi duhu. Ka tsaya kusa da ita, in ta ji za ta faɗi a dakata nan take. In bugun ya ƙaru da 30 ko fiye a minti ya kuma zauna a haka ba tare da awon jini ya faɗi ba, alamar matsalar da ake kira POTS ce. In lambar sama ta awon jini ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti 3 na farko, wannan faɗuwar jini ce ta tsayuwa. A yi shi da safe, a maimaita wata rana, a kai wa likita takardar. Wannan ɓangare yana da abin taimako: ruwa lita 2 zuwa 3 a rana, ƙarin gishiri ko ruwan gishiri da sukari na ORS, safa mai matse ƙafa har ƙugu, da magungunan da likita zai iya zaɓa. Mai hawan jini, ciwon ƙoda ko ciwon zuciya kada ta ƙara gishiri sai da izinin likita. Zafi yana buɗe hanyoyin jini ya ƙara tsananta abin, don haka a watannin bazara a mayar da duk wani aiki sanyin safiya, wanka kuma da ruwa mai ɗumi kaɗan, a zaune.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, auna ƙarfi. Ta samu littafi ta riƙa rubuta abin da ta yi kowace rana da yadda ta tashi, na mako biyu ko uku. A nan za ku ga abin da ke kayar da ita, kuna duban kwana ɗaya ko biyu baya, ba ranar da ta kwanta ba. In wankin awa ɗaya ne ke jawowa, a raba shi minti goma-goma a zaune, da kwanciya a tsakani, ko wani ya karɓe shi. Girki a kan kujera. Salla a zaune ranar da tsayuwa ta gagara, azumi kuma a tattauna da likita tukuna, saboda ƙishirwa na ƙara matsalar tsayuwa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ranar da aka ji dama-dama sai a rama duk aikin da ya taru, jibi a koma gado. Ƙa'idar ita ce ta tsaya tun da sauran ƙarfinta, kuma kada a ƙara aiki sai ta yi makonni ba ta faɗi ba. Wannan ba ya warkar da ciwon, yana dai rage yawan faɗuwa, kuma faɗuwa a kai a kai ce ke mayar da wasu daga masu zagaya gida zuwa masu kwanciya.

A guji allurar ƙarin ƙarfi ta kemis, da dexamethasone, da tramadol, da lemukan gwangwani masu sa kuzari. Suna rufe alamar da ke gaya mata ta tsaya, ga kuma illarsu ta kansu. Akwai magungunan da ake gwadawa yanzu, kamar naltrexone a ƙaramin awo da pyridostigmine, amma hujjarsu ba ta kai a ce kowa ya sha ba, sai a hannun likitan da zai bi ta.

Game da gaba, a shekaru biyun farko bayan zazzaɓi mutane da yawa suna samun sauƙi. A wani binciken matasan da suka yi zazzaɓin ƙwayar EBV a Chicago, masu ciwon sun ragu daga kashi 13 cikin 100 a wata na 6 zuwa kashi 4 bayan shekara 2. A manyan da ciwon ya daɗe a jikinsu warkewa sarai ba ta da yawa, wajen kashi 5 cikin 100, amma kusan kashi 40 suna samun ci gaba. In kuwa kuka ga tana ramewa, ko tari ya wuce mako biyu, ko gumin dare, ko kumburin ƙafa, ko numfashi na gagararta a kwance, ko wani sashe na jiki ya saki, kada a jingina su ga wannan ciwo, a koma asibiti da gaggawa.